Dattijon da Ya So Aron Sunan Kamfanina

Shekarar da na samu lasisin ƙaramin ofishina na kago, wato jigilar kaya, a unguwar Port Saeed, na fi lallaɓa shi fiye da fasfona. A garin nan, kaya su bi haramtacciyar hanya da sunanki sau ɗaya, banki ya rufe miki asusu, lasisi ya tafi, biza ta bi bayansa. Shi ya sa da wani dattijo ya fara zarya ofishina, ban saki jiki da shi ba.

Bahaushe ne, amma ba na wajenmu ba. Kakanninsa sun tashi aikin hajji a ƙafa, suka yada zango a wata ƙasa, ba su ƙara gaba ba. Ƙasar ce aka ƙaƙaba wa takunkumi, wai tana ɗaure wa 'yan ta'adda gindi. Kullum bayan la'asar sai ya shigo da shayi kofi biyu, ya ja kujera, ya kunna labarai a waya. Lokacin ana ta ja-in-ja kan ko a cire musu takunkumin. Wasu ƙasashe na cewa gwamnati ta canza, wasu na cewa riga kawai aka sauya.

Ni shayin ne ya fara damuna. A nan Deira, yankin da unguwarmu take, ba a saya maka shayi kullum don Allah da Annabi.

Ai kuwa, ran nan ya rage murya. "Hajiya, injinan ban ruwa ne, shwaiya, ba yawa. A rubuta Kano za su, da sunan kamfaninki. Da sun hau jirgin ruwa na katako, khalas, shi ke nan, saura aikina ne."

"Baba, in Kano za su, me ya kai su jirgin katako, da ba ya bin hanyarmu?"

Ya yi dariya, ya ce manoman garinsu ne ke jira, gonaki na ƙonewa. Maganar ta taɓa ni, don mahaifina noman rani ya yi har ya rasu. Saura ƙiris in amsa. Sai na ce, "Tunda ana batun cirewa, mu jira. Ranar da aka cire, ni da kaina zan loda maka, a rubuta sunan ƙasarku ƙuru-ƙuru."

Ya ce inshallah, amma inshallar ba ta da armashi.

Daga nan na sa masa ido. In aka ce tattaunawa ta cije, sai ya miƙe ƙafa, har da hira. In aka ce an kusa daidaitawa, sai ya fita waje ya yi ta buga waya, ya dawo ya matsa mini lamba. Wane irin mutum ne ake shirin buɗe masa ƙofa, shi kuma yana gaggawar haurawa ta katanga?

Ranar da aka sanar an cire, ina ganinsa na miƙe. "Baba, barka! Yalla, ina injinan?"

Ya zauna kamar an zare masa laka. Ya ce wanda ya ba shi odar injinan ya kira shi da safe, ya yi godiya, yanzu zai saya kai tsaye daga masana'anta. "Hajiya, sana'ata ke nan shekara da shekaru, in nemo mai ara mini suna. Yanzu hanya ta buɗe, wa zai biyo ta kaina?"

Haushi ya turnuƙe ni, ga kuma tausayi, don tsoho ne, idonsa ya yi ja. Na ce, "Waɗanda suka ara maka kafin ni fa, suna ina?"

Ya cusa wayar a aljihu.

"An soke musu lasisi, sun koma gida," in ji shi.