'Yar Aiken Inna

Asabar ta farko a watan Disambar 2008, ina 'yar shekara tara, na tsaya bayan Baba a wani shagon aika kuɗi a garin Wheaton na Amurka, hancina na yoyo saboda sanyi. Shagon na ƙamshin busasshen kifi da manja. Gabanmu matan Gana, bayanmu wani ɗan Nijar mai gadi da ko kayan aiki bai cire ba. A shekarar ake ta rufe kamfanoni, wasu maƙwabtanmu a garin Laurel banki ya ƙwace musu gida, amma ban taɓa ganin shagon nan ba layi ba. Wata biyu ke nan da sallamar Baba daga kamfanin gine-gine, duk da haka ya rubuta abin da ya saba aika wa mahaifiyarsa, Inna, a Funtuwa, bai rage ko sisi ba. Da shi ake ɗora tukunya a gidan, da shi take sayen maganin hawan jini.

Mu kuwa an tsuke bakin aljihu. Umma, ma'aikaciyar jinya ce, ta ƙara da aikin Lahadi. Nama ya zama baƙo a miya, aka rage zafin hita, muna yawo a falo da rigar sanyi biyu biyu. Baba ya ja wa Umma kunne kada Inna ta ji labari. Ni ya manta da ni, ni da bakina ba ya riƙe ko gyaɗa.

Baba ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta kiran sunansa, ba ta hira da shi. Idan aka kankare katin waya aka same ta, zai gaishe ta ta amsa a taƙaice, sai ta ce, "Ba ni takwara." Sunanta aka sa mini, ni ce 'yar aikenta. Ta bakina take sanin halin da "mutumin gidanku" yake ciki, tana yi wa gurguwar Hausata dariya. Ina son muryar tsohuwar nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Da muka kira ta a ranar, ta tambaye ni ko mutumin gidanmu yana samun hutu. Cike da murna na ce ai kullum yana gida yanzu, shi ke kai ni makaranta, har kitso ya gwada yi mini. Daga nan Inna ta gane ya rasa aikinsa.

Bayan kwana biyu Kawu Sale, ƙanin Baba, ya bugo ya ce Inna ta hana shi zuwa karɓar kuɗin. Mako biyu kuɗin suna zaune, maganinta ya kusa ƙarewa, ita kuma ta kafe. Da muka sake kira, na zauna a tsakiya riƙe da waya ina jigilar magana. Ta ce in gaya wa Baba ya ciyar da iyalinsa. Ya ce in gaya mata akwai. Ta ce in gaya masa ba a yi wa uwa ƙarya. Nan Hausata ta ƙare, na fashe da kuka don na gane ni na jawo. Sai na ji ta ce, "Ba shi wayar."

Ina kusa, na ji da kunnena. "Habibu," in ji ta, "kana cin abinci?" Baba ya zame daga kujera ya durƙusa a kan kafet kamar tana gabansa. Ya ce, "Inna, aiki suka karɓe. Kada ke ma ki karɓe mini wannan." Washegari Kawu ya je ya karɓo.

Yanzu da ɗan yatsa nake aika wa 'ya'yan Kawu kuɗi ta waya, kafin in ajiye ta sun amsa. Inna ta rasu shekara uku bayan haka, Baba ya sake samun aiki har ya yi ritaya. Na taɓa ba shi haƙuri kan ɓaranɓaramar da na yi. Ya yi murmushi ya ce sau ɗaya tak a rayuwarsa ya ji sunansa a bakin uwarsa, kuma ni na jawo masa.