Ɓawon Ƙurjin Saniyar Gwaggo

A shekarar da na kammala karatun likitancin dabbobi, wasu ƙuraje jajaye masu tauri suka fito wa gwaggona a yatsu. A Salaga take, tana tatsar shanun mijinta tana yin wagashi, wato cuku. Nan da nan magana ta zagaye unguwa cewa kuturta ce. Masu sayen wagashi suka ɗauke ƙafa, maƙwabciyar da suka saba cin tuwo a kwano guda ta fara zuwa da nata.

Da ta faɗa mini a waya cewa shanun ma suna da ƙuraje a kan nono, sai na yi zargin daga gare su ta ɗauka. Zargi kuwa ba ya rufe bakin unguwa. Ana buƙatar ɓawon ƙurjin saniya a kai ɗakin gwaji. Na ce ina tafe.

Na iso da kula cike da ƙanƙara, na tarar da shanu suna sheƙi. Alhaji, mijin gwaggo, ya sa an wanke su, an kankare kowane ɓawo, an shafe hantsa da man kaɗanya.

"Alhaji, ina ƙurajen?"

"Haba, likita. Baƙo zai zo ganin dabba, a bar masa ita da ƙazanta? Ai da an ce ba mu san girmanka ba."

Gwaggo ta ɓoye hannuwanta a cikin mayafi, ta ce, "Ɗan nan, datti kake nema? Akwai wata ja da ta fi su ƙuraje, an kai ta Yendi."

Ban zauna cin abinci ba. A kasuwar shanu ta Yendi na tambayi wani dillali jar saniya mai ƙuraje, ya dube ni ya yi dariya.

"Saniya kake so ko ɓawo? In ɓawo ne, ta bi mota zuwa Bawku."

Duk tsawon hanyar ina buɗe kula ina duba ƙanƙara, duk inda mota ta tsaya ina neman sabuwa. A Bawku na same ta ɗaure a bayan wani shago, ƙudaje na bin hantsarta, ba wanda ya wanke ta. Na ɓamɓare ɓawon da ɗan hantsaki, na rufe a kwalba.

A ɗakin gwaji aka niƙa shi, aka zuba a kan ƙwayoyin naman maraƙi da ake reno a kwalba, har ƙwayar cutar ta hayayyafa ita kaɗai. Sannan aka karanta jerin halittarta, wanda ke bambanta ta da danginta. Makonnin nan ban iya zama wuri ɗaya ba. Kullum gwaggo ta kira, tambayarta guda ce, ko kuturta ce, ni kuma ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba.

Sakamakon ya nuna 'yar dangin agana ce mai sauƙi, wadda ke kama hannun mai tatsa ta warke da kanta.

Na koma Salaga na yi bayani a ƙofar gida, dalla-dalla, a gaban matan unguwa. Maƙwabciyar ta saurara har ƙarshe, ta kamo hannun gwaggo ta juya shi. Ƙurajen sun riga sun fara bushewa.

"To, ba ni wagashi biyu," in ji ta, "amma ki zaɓo mini manya."