Rabin Ƙwayar Tumpale

A ƙauyenmu na gangaren Tukuyu, in aka yi rasuwa, kafin labari ya gama zagayawa za ka ga Tumpale ta iso da damin itace a ka, ɗanyar ayaba a hannu. Ba wai son kuka take yi ba. A wurinmu wanda ba ya zuwa makokin mutane, ranar tasa sai dai ƙudaje. Ita kuwa ba ɗa ba jika, miji ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya, dangi sun watsu birane. Tsoronta ɗaya a duniya, kada a binne ta ba mai kuka.

Ƙawarta guda ce, Sekela, wata tsohuwa mai baki kamar reza da ke zaune a kan tudu, hayin rafi. Dukansu maƙoƙo ya kumbura musu wuya, suna tsokanar juna da shi. Sekela takan ce mata, "Ke dai mutu kawai ki gani. Kukan da zan yi miki sai an jiyo shi can birnin Mbeya."

Da maƙoƙon Tumpale ya fara shaƙe ta, sai aka yi mata aiki a asibiti aka cire shi. Nas ta ba ta wasu ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi, ta ce guda ɗaya kullum da safe kafin ta sa komai a baki, har ƙarshen rayuwa. Wai maikurogiram ɗari ne a ciki. Ta yi mata bayani cewa in aka raba giram guda gida miliyan, kashi ɗaya shi ne maikurogiram. Ainihin maganin bai wuce ƙwayar gishiri biyu ba, amma daidai jikinta aka auna shi, kada ta rage, kada ta ƙara. Tumpale, wadda ta tsufa tana auna wake da gwangwani har ta ɗora gyara, ta yi dariya a cikinta. Wannan ma har awo ne?

To, Sekela tsoron wuƙar likita take kamar me. Mu kuwa ba a raine mu da cin abu maƙwabci na kallo ba. Sai Tumpale ta riƙa tsaga ƙwayar da farce, ta haɗiye rabi, ta hau tudu ta kai wa ƙawarta rabi. A ganinta, abin da ido ba ya gani, wa zai gane an rage shi?

Ashe jiki ya gane. Sannu a hankali sanyi ya kama ta, fuska ta kumbura, murya ta dushe, barci kuwa ko a tsaye. Hawan tudu ya gagare ta, har sai Sekela ce ke gangarowa karɓar rabonta. Aka yi makoki ba a ga Tumpale ba, aka sake yi ba a gan ta ba. Mata suka fara cewa tunda ta kwana a asibitin birni ta fi ƙarfin hayaƙin murhun gidan makoki.

Da damina ciwon haƙarƙari ya kwantar da Sekela, ba ta kuma tashi ba, rai ya yi halinsa. Tumpale ta ɗauki itace ta kama hanya tun da safe. Ta haye rafi, ta ce bari ta ɗan huta a gindin wata ayaba, barci ya sace ta. Ko da ta isa an riga an mayar da ƙasa a kabari. Ba wadda ta matsa mata a tabarma. Wata daga cikin matan coci ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa, Mama. Ai an gama."

Da ta koma asibiti aka auna jininta, nas ta tsare ta da tambaya har ta faɗi gaskiya. Nas ta girgiza kai ta ce, "Haba Mama, ai ƙarfin ƙafarki kike ta rabarwa."

Yanzu ƙarfi ya dawo. Ita ce kuma ta farko a kowane makoki. Ana karɓar itacen, ana cewa an gode, amma ba a manta ba, ita ma ta san ba a manta ba. Kaɗaici ya yi mata yawa, ga shi wadda ta yi mata alkawarin kuka ta riga ta tafiya.

Kullum da safe takan zauna a bakin ƙofa tana fuskantar tudun, ta sa farce ta tsaga ƙwayar biyu kamar yadda ta saba. Ta haɗiye rabi. Sai ta daɗe tana kallon ɗayan a tafin hannunta, sannan ta haɗiye shi ma.