Umaima Mai Manhajar Albasa

Umaima 'yar Malam Muntari ce, manomin albasa a Jiga Makera. Tun tana ƙarama aka san ta da kwance kayan gida: rediyon babanta, tocila, har agogon bango bai tsira ba. Wani ta mayar da shi daidai, wani kuma sai dai a yi haƙuri. Da ta shiga jami'a a Aliero ta zaɓi karatun kwamfuta, babu wanda ya yi mamaki.

Bayan ta gama ba ta tafi birni neman aiki ba, domin akwai abin da ya daɗe yana damunta. Duk lokacin cirar albasa, ƙananan manoma irin babanta kan sha wahalar mota. Kayan mutum ɗaya ba ya cika babbar mota, direba kuma ba ya tashi da rabin lodi, sai buhuna su yi ta zama a rana. Umaima ta shimfiɗa tabarma a rumfar tsakar gida, ta buɗe tsohuwar kwamfutarta, ta fara haɗa manhajar waya da ta sa wa suna Mu Haɗa Kaya. Manomi zai faɗi inda yake da inda kayansa za su, manhajar ta haɗa shi da masu hanya ɗaya, su cika mota tare.

Da farko ta so ta ɓoye aikin sai ya kammala. Ƙawarta Priscilla, wadda suka yi karatu tare, take kuma koyarwa a wata makaranta a Jega, ita ta hana ta.

"In kika ɓoye, ranar da kika gama wa ya san da ke?" in ji Priscilla. "Ki riƙa nuna musu tun yanzu, abin da ya yi da wanda ya ƙi."

Bidiyonta na farko fuskar kwamfuta ce kawai tana ta bayani, 'yan ajinsu ne kaɗai suka kalla. Sai ta canza salo. Ta bi babanta gona, ta ɗauke shi yana nuna yadda ake duba wuyan albasa a gane wadda za ta jure ajiya da wadda za ta ruɓe. A ƙarshe ta juyo da wayar kanta, ta nuna abin da ta ƙara a manhajar a makon. Manoma suka yi ta tura wa juna saboda Malam Muntari, a haka suka san 'yarsa da aikinta. Daga nan ta mayar da abin na kowace Juma'a.

Da ta sa wa manhajar murya domin waɗanda ba sa karanta boko, muryar na'ura ta samu, mai Hausar Kano. Ba a jima ba wani dattijo daga Dangamaji ya aiko mata da saƙon murya.

"Ɗiyata, aikinki ya yi kyau. Amma wagga baƙuwa da kinka sa cikin waya, daga ina ta hito? Ba mu jin ta ƙwarai."

Umaima ta yi dariya har da hawaye. Ta nemi izininsa, ta sa saƙon a bidiyon Juma'a, ta tambayi jama'a muryar wa suke so. Yayar babanta, Goggo Amariya mai sayar da gabu, wato busasshen ganyen albasa, tana zaune a gefe tana jin komai.

"Mi kike nema waje?" ta ce. "Ga ni zamne."

Ɗaukar muryar ta zama biki. Umaima ta ce, "Goggo, ki ce: danna nan."

"Haka ake ma mutum magana, ba gaisuwa?"

Dole Umaima ta sake tsari. Tun daga ranar, duk wanda ya buɗe manhajar sai Goggo ta gaishe shi, ta tambayi gajiya da iyali, sannan ta ce ina kaya za su. Wannan bidiyon ya fi duk na baya yawo.

Motar farko ta wani direba ce ɗan Maiyama, Shamsuddeen, wanda ya ce matarsa ce ta nuna masa bidiyon Goggo. Manoman Jiga Makera da na ƙauyukan kusa suka cika ta maƙil tun kafin azahar. Umaima na gefe tana ta ɗaukar hoto. Malam Muntari ba mai yawan magana ba ne. Ya tsaya har motar ta ɓace a kwana, sannan ya juyo.

"Allah shi yi maki albarka," ya ce, ya kuma gyara hularsa ya tambaya ko ya fito da kyau a hoton.

Yanzu a kasuwar Jega, da Goggo Amariya ta buɗe baki sai a waiwayo, har gabunta ya daina kai yamma. Ɗaliban Aliero masu haɗa tasu manhajar kan zo wajen Umaima neman shawara, takan ce su fara da nuna abin da zai amfani mutum ko da bai taɓa manhajarsu ba. Ita kuma masu tattasai na Maiyama sun matsa mata sai ta sa su a ciki. Ta yi musu alkawari a bainar jama'a, don haka kwanakin nan tana yawan zuwa fadamunsu, tana koyon yadda ake loda tattasai ba tare da ya dame ba.