Mai Sawu da Gadar da Ba a Hawa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, 'yarka ta bugo mini waya cewa ka cika, bayan jinyar mako biyu. Mun yi rashi, Mai Sawu.

Mu direbobin bas muka laƙaba maka wannan suna, kuma da tsiya muka fara. Abokan aikinka na ofishin tsara birni suna zana titi a ƙarƙashin fanka, kai kuwa sai a gan ka tsugune a tsakiyar tagwayen hanya kana duban inda ƙafafu suka kashe ciyawa. Na taɓa leƙowa ta taga na ce, "Malam, allura ce ta faɗi?" Ka ce, "Direba, mutane sun riga sun zana hanyarsu, ni kwafa kawai nake yi."

Da kwafar nan ka sa aka dawo da matsayar bas bakin ƙofar asibiti. Muka yi maka bore, don juyawar tana ci mana lokaci. Ba ka yi musu ba. Ka shigo motata da wata tsohuwa mai ciwon gwiwa, ka ce in sauke ta a tsohon wurin in zan iya. Ban iya ba.

Abin da ya gagare ka shi ne babban titin kasuwa. Ka ce a sa fitilar tsayar da motoci da wurin tsallakawa daidai inda jama'a ke ratsawa. Maimakon haka aka kai gadar masu tafiya a ƙafa can nesa, matakala hamsin da biyu, aka shinge tsakiyar titi da ƙarfe. Ba a yi mako ba aka ɓalle sanduna biyu. Ta wannan kafa mata ke bi da goyo da kaya a ka, motoci na wucewa kamar an koro su. Mu masu sitiyari mun san yadda gaba ke faɗuwa a wurin. Gadar kuwa ta zama inuwar masu sayar da takalma.

Maƙabarta tana tsallaken titin nan. Muka iso gindin gada da makararka, muka dubi matakala, muka dubi juna. Ba ta hawuwa. Muka koma muka bi ta kafar a karkace, wasu na tare motoci da hannu. Shugaban ofishinku ne ke riƙe da gaban makarar lokacin da wata tirela ta ja birki dab da shi. Wani daga baya ya ce, "Ranka ya daɗe, a hankali, wannan hanyar ba ta cikin taswira." Ba wanda ya yi dariya.

Alhamis mai zuwa 'yan ofishinku za su zauna kan kafar: ko a toshe ta da siminti, ko a ciro zanenka daga durowa. In an toshe, wata za a ɓalle, mai yiwuwa a kan kwana, inda direba ba ya hange. Wannan ke damuna. Zan je zaman. Ban iya karanta taswira ba, amma zan tambayi shugaban ta ina ya bi da kai.

Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya sauƙaƙa maka tsallake siraɗi kamar yadda ka nema wa bayinsa sauƙin tsallake titi. Ga maiɗakinka, da 'yarka, da ƙannenka, ina miƙa ta'aziyyata da ta direbobi baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.