Duwatsu Huɗu Bayan Taya

Na tuƙa motar soja a yaƙin basasa, na dawo da ƙafafuna biyu. Amma inda na fi jin tsoro a rayuwata, wani tudu ne tsakanin Nok da Kafanchan, da hantsi, mata suna waƙa.

Lokacin shekara biyu ke nan da ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama. Ina jan wata tsohuwar lori mai bodin katako. Birkin hannunta ya mutu tun kafin ta zo wurina, wejin da nake tokare taya da shi kuma ya faɗi a hanya. Ranar na ɗauko matan zumunta na cocin ƙauyenmu za su taro, da tukwanensu da doyarsu, da wani malamin makaranta mai rakiyarsu.

A tsakiyar tudun inji ya yi ta kuka, mota ta ƙi gaba, warin ƙuna ya tashi. Kuloci ne yake zamewa. Na kashe inji, na bar ta a giya ɗaya, na ce kowa ya sauka. Na nemo duwatsu huɗu na cusa bayan tayoyin baya. Can ƙasan tudun rafi ne da ƙaramar gada.

Gyaran ba wuya. Akwai sandar ƙarfe daga feda zuwa kuloci, da noti biyu a kanta. Ka sassauta ɗaya, ka juya ɗayan har feda ta yi sako-sako kamar faɗin yatsa biyu. Amma sai wani ya taka daga sama kana kallo daga ƙasa. Kuma da zarar an taka, giya ta saki mota. Duwatsu kaɗai ke riƙe da ita.

Na ɗora malam a kujerata. Bai taɓa tuƙa abin da ya wuce keke ba. Na nuna masa fedar hagu, na ce in na ce taka ya taka, in na ce saki ya saki. Ban nuna masa birki ba. Wannan laifina ne.

Na shige ƙarƙashi a rigingine, ƙafafuna a waje, dab da bayan tayar gaba. Notin ya yi tsatsa, na daɗe ina fama da sifana. Na ji ƙaurin hayaƙi, na ɗauka na kuloci ne.

Na ce, "Malam, taka."

Ya taka. Katakon motar ya yi ƙara. Na juya kaina na dubi baya. Dutse ɗaya ya rage, ƙaramin cikinsu, kuma taya tana tura shi cikin tsakuwa a hankali. Matan sun kwashe uku sun kafa murhu.

Tayar gaba ta taɓa cinyata. Na ji ɗumin robar. Da kyar na ce saki.

"Na'am, direba? In ƙara takawa?"

"Malam, ɗaga ƙafarka."

Ya ɗaga gaba ɗaya. Sandar ta dawo da ƙarfi, yatsana yana tsakani. Mota ta girgiza ta tsaya.

Ban iya fita ba, taya ta danne mini wando. Kulocin da ya zame ɗazu shi ne ke riƙe da mu. Na kira shugabar matan, wata tsohuwa da ta san uwata. Ta durƙusa ta leƙo, ta ga taya, ta ga jini.

"Ɗana, mun ga huɗu ne, muka ce ɗaya ya isa."

Na ce su dawo da su, kada kowa ya jingina da motar. Suka sauke tukunya, suka ɗauko duwatsun daga wuta, suka naɗo su a zannuwansu. Ina kwance ina kallon ƙafafu suna wucewa, ina jin ƙaurin zane yana ƙuna. Sai da na ga na ukun ya shiga bayan taya na yanke wandon da wuƙa.

Da hannun hagu na ɗaure notin, don ba wanda zai ɗaure. Muka hau tudun. Har Kafanchan ba wadda ta yi waƙa. Malam ya zauna kusa da ni. A asibiti suka cire rabin yatsan.

Da na warke na sa aka sassaƙa mini sabon weji na katako. Na riƙe shi ina dubawa, sai na tuna katako ma itacen wuta ne. Na je wurin maƙeri ya yi mini na ƙarfe, na ɗaure shi jikin motar da sarƙa.