Baba Ya'ƙub da Shanu Masu Farar Fuska

Kafin rana ta leƙo gonar Hajj Subhi, can bayan Alƙahira a kan hanyar Isma'iliyya, Baba Ya'ƙub ya riga ya idar da sallar asuba, ya sha baƙin shayinsa, ya shiga garke. Ba ya riƙe sanda. Hannuwa a baya yake tafiya, ya duba kashin shanu, ya taɓa kunnen wannan, ya ɗaga kofaton waccan. Saniyar da ba ta tuƙa ba, tun daga nesa yake gane ta. In ya gama zagaye sai ya ciro wani ɗan gwangwani na garin gawayi da aka kwaɓa da mai, ya bi masu farar fuska yana shafa musu a gefen ido, don kada hasken rana ya ɓata musu gani. Ma'aikata Misirawa kan tsokane shi, wai Ammu Ya'ƙub, wato Baffa Ya'ƙub, yana sa wa amarensa kwalli. Shi dai aikinsa yake yi.

Bahaushen Sudan ne, haifaffen Maiwurno, jikan waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji suka yada zango a bakin kogi. Shekara ashirin da shida ya yi a wannan gona. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwoyi sun ce sun gaji. Wanda ya fi kowa nacewa a rubuta wannan jinjina shi ne Tijjani, ɗan Gumel da ya zo Masar neman digiri na biyu a kan kiwon dabbobi. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: a rubuta har da abin da shi ya aikata.

A farkon shekarar 2012 Hajj Subhi ya sayo karsana arba'in jinsin Harifod, jajayen shanun Turai masu farar fuska waɗanda ake kiwo don nama. Ba su daɗe da sauka ba ciwon baki da kofato ya ɓarke a ƙasar. Gonakin maƙwabta sun yi ta haƙa rami. Baba Ya'ƙub ya rufe ƙofar gona, ya hana ko mai kawo ciyawa wuce shinge, ya daina zuwa wurin iyalinsa a unguwar Ain Shams har kwana arba'in. Duk da haka ciwon ya shigo. Waɗanda suka gani sun ce da hannu yake dama dusa ya ɗura wa kowace karsana, ya wanke mata baki da ruwan kanwa. Ko ɗaya ba ta mutu ba, amma ciwon ya taɓa girmansu.

A watan Oktoban shekarar ne malamin Tijjani ya turo shi gonar don binciken digirinsa, da kuma ba Hajj Subhi shawarar irin bijimin da za a saka wa shanun. Daga unguwar Madinat Nasr ya hawo ƙaramar bas, da farar riga da jakar takardu. Tun a ƙofa aka fara kiransa "ya duktur", wato dokta, sunan ya yi masa daɗi. Yana tsaye da mai gona sai wani tsoho baƙi, kashin shanu har ƙwauri, ya dube shi da kyau, fuskarsa ta washe.

"Ɗana, ba Bahaushe ba ne kuwa? Daga wane gari?"

Tijjani ya ji kunya ta kama shi, ba ta alheri ba. Shekara biyu yana fama a daina yi masa kallon mai wanke-wanke a ƙasar nan, ga shi yanzu mai kiwo yana ce masa ɗana a gaban mutane. Da Larabci ya amsa gaisuwar, a gajarce, ya juya.

Bayan mako biyu aka zauna a inuwar rumfa don yanke shawara. Tijjani ya baje takardu. Ya ce bijimin Sharole za a sayo, farin ƙaton nan na Faransa, domin 'ya'yansa sun fi saurin girma da cika ma'auni. Ya karanto alƙaluma, Hajj Subhi yana gyaɗa kai yana "tamam, tamam". Baba Ya'ƙub na tsugune a gefe. Ya jira har aka yi shiru, sannan ya yi magana da Hausa, a hankali, don kada ya kwance wa ɗan'uwansa zane a kasuwa.

"Ɗana, takarda ta ce sun isa baye, amma jikinsu bai ce ba. Ciwon nan ya tauye su, ƙugunsu bai buɗe ba. Wannan bijimi ɗansa babban kai gare shi da faɗin kafaɗa. Haihuwar fari, a ba su ƙaramin bijimin ƙasar nan, Baladi. In sun buɗe, sai ka kawo ƙatonka."

Hajj Subhi ya dubi Tijjani. "Me yake cewa, ya duktur?"

Tijjani ya san abin da tsohon ya faɗa yana da kan gado. Ya taɓa karanta irinsa. Amma ya riga ya rubuta wa malaminsa tsarin bincike a kan Sharole, kuma bai ga yadda zai ce mai kiwo ya gyara masa zance ba. Ya yi 'yar dariya.

"Ba komai, ya Hajj. Labarin garinsu yake ba ni."

Baba Ya'ƙub ya fi Tijjani jin Larabci. Ya ɗaga ido ya dube shi sau ɗaya, ya miƙe, ya koma garke.

Aka sayo bijimin Sharole, aka saka wa karsanan. Haihuwa ta zo a watan Agustan 2013, cikin tsananin zafi, garin kuma yana cikin tarzoma. Hanyoyi a toshe, likitan gonar ya kasa fitowa. Tijjani ya tare a gonar saboda unguwarsu ba ta zaunuwa, don haka da idonsa ya ga komai. Karsana ta farko ta fara naƙuda da hantsi, har azahar ƙafafun maraƙi biyu kawai suka leƙo. Baba Ya'ƙub ya tuɓe riga, ya shafa mai har kafaɗa, ya kwanta a ƙasa ya zura hannu. Ya daɗe yana juya maraƙin, yana yi wa saniyar magana kamar mai lallashin 'yarsa. Da ƙyar aka zaro shi da rai. Ta biyu ba a yi sa'a ba. Cikin mako uku, karsana bakwai suka mutu, maraƙi goma sha ɗaya suka tafi. Sauran kuwa, duk wanda ke wurin ya shaida, hannun tsohon nan ne Allah ya sa ya cece su. Hannun ya kumbura har ba ya iya ɗaga butar alwala.

Da hanya ta buɗe Hajj Subhi ya zo, ya tara ma'aikata. Bai dubi Tijjani ba, domin a ganinsa mai karatu abin da ke littafi ya faɗa. Tsohon ya fuskanta.

"Ya Ammu Ya'ƙub, a cikin shanu ka tsufa. Ba ka ga wannan zai faru ba?"

"Na gani, ya Hajj."

"Ka gani, ka yi shiru?"

"Ban faɗa maka ba. Wannan laifina ne."

Tijjani na tsaye taku uku daga wurin. Kalma biyar sun isa: ya faɗa, ni na ɓoye. Bai furta ba. Ya tuna digirinsa, ya tuna mahaifiyarsa da ke gaya wa 'yan unguwa ɗanta na Masar, ya sunkuyar da kai. A ranar aka sauke Baba Ya'ƙub daga shugabancin garke, aka mai da shi kwasar taki.

Kai ne, Baba, wanda aka ga washegari da shebur a hannu tun da sassafe, kamar dama can aikinka ke nan. Kai ne wanda in ka turo baro ta gefen garke sai ka rage tafiya, ka ce wa sabon shugaban, "Duba mini jar can, ba ta ci ba," ka wuce. Dutse a cikin ruwa, ba ka san ana rana ba.

Wata uku Tijjani yana kauce wa wurin taki. Da lokacin sake baye ya matso, Hajj Subhi ya ce masa a sayar da farin bijimin, a kawo wata shawara. Ya kwana biyu a kan littattafai, ya ga duk sun koma inda tsohon ya tsaya. Ya cire farar riga, ya taka cikin taki, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana."

Shi ne karo na farko da ya yi masa Hausa. Tsohon ya kafa shebur a ƙasa.

"Lafiya lau. Ashe ba ka manta ba."

"Baba, me ya sa ka rufa mini asiri?"

"Kada ka ɗauka ban ji haushi ba, ɗana. Na ji. Bakwai ɗin nan da hannuna na ciyar da su, kowace na san halinta. Da farko ko inuwarka ban son gani. Amma ni ma ina da baki, ina jin Larabci. Na bar kunyarka ta fi mini ran dabba, wannan kuwa zan amsa shi gaban Allah. Sannan in an sauke ni, tsoho aka sauke. In kai aka kora, yaushe za a sake ba ɗanmu irin wannan aiki a gonar nan?" Ya ɗauki shebur. "Khalas, shi ke nan. Bijimi ka zo tambaya, ko kuka?"

Tare suka tafi kasuwar shanu ranar Asabar. Tijjani ya ga yadda ake zaɓen bijimi ba da hoto ba. Tsohon ya wuce manya masu ɗaukar ido, ya tsaya kan wani ja matsakaici. Ya shafa kafaɗarsa ya ce sumul take, ba za ta maƙale ba. Ya auna goshinsa da tafin hannu. Ya buɗe idonsa ya nuna baƙar fatar gefen, ya ce 'ya'yansa za su gaje ta, rana ba za ta dame su ba. Ya sa aka ja shi ya yi tafiya, ya tambayi mai shi ko da taimako aka haife shi ko uwarsa ita kaɗai ta sauka. Ga shanun da suka riga suka buɗe kuwa, ya ce a nemo musu baƙin Angus marar ƙaho, in ana son nama.

Shekarar da ta biyo baya, shanu talatin da ɗaya suka haihu, biyu kawai aka sa wa hannu. A kan wannan Tijjani ya sake gina bincikensa, ya kuma ci. Amma har lokacin Baba Ya'ƙub taki yake kwasa, yabon kuwa duktur ake yi wa. Sai a watan jiya, da ya ji tsohon zai tafi, Tijjani ya samu Hajj Subhi a gaban ma'aikatan nan dai, ya faɗi komai, tun daga zaman rumfa. Hajj Subhi ya saurara har ƙarshe. Sannan ya taka har wurin taki, ya kama kan tsohon ya sumbata, ya ce, "Ka yafe mini, ya Ammu." Baba Ya'ƙub ya ce ma'alish, wato ba komai, ya nemi a ba shi hanya, baronsa ya cika.

Tijjani bai ɗauki wannan a matsayin wanke kai ba. Ya ce gaskiyar da ta makara shekara biyu ba ta mayar wa mutum gwiwoyin da shebur ya cinye. Abin da ya iya shi ne, ya roƙi tsohon ya zauna da shi kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yana faɗa yana rubutawa, da sunan mai faɗa a saman kowane shafi.

Mun gode, Baba Ya'ƙub. Mun gode da shanun da ka tsamo, da yaron mutane da ba ka bari ya nutse ba, da haushin da ka ji ka faɗa ba ka ɓoye ba. Allah ya ba gwiwoyinka sauƙi, ya sa ka huta cikin jikokinka.

Ku kuma 'yan'uwa da ke nan Masar da sauran ƙasashe kuna neman takarda, ko'ina kuka je za ku tarar da wani dattijo a bakin aiki, tufafinsa da datti, ya san abin da ba a rubuta ba tukuna. Ku gaishe shi da harshen da ya gaishe ku. In kuwa Allah ya sa ku ne kuka sani, ku yi haƙurin Baba Ya'ƙub da mutane, amma ku ɗauki gargaɗin da ya yi wa kansa: inda rai yake a kan hanya, ko na dabba ne, a buɗe baki a yi magana.